Jemagun Ɗakin Tanki

Ni ba mai son dabba ba ce, kada ma wani ya ɗauke ni haka. Kyanwa in ta shigo mini ɗakin wanki da tsintsiya nake raka ta, kaza kuwa a tukunya kawai muke shiri da ita. Amma jemagun nan na ɗakin tanki daban suke, kuma duk mai aiki a otal ɗinmu ya san abu ɗaya ne zai haɗa shi faɗa da ni, wato ya ce za a fitar da su. Ban taɓa roƙon komai a wurin nan ba, ko fanka ban nema ba. Abin da nake so kawai a bar mini su.

Otal ɗin tsoho ne, ɗakin wankinsa yana can ƙarƙashin ƙasa, sai ka sauka matakala ka bi wani siririn lungu mai warin sabulu da danshi. Da muna da yawa a ciki. Akwai masu wanki, akwai masu guga, akwai wata mai ninki da bakinta ba ya hutawa. Da aka kawo manyan injuna sai aka dinga sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma mutuwa ta riga manaja sallamarsu, har ya zama daga ni sai injuna. Su ne suka cinye mini kunne. Yanzu sai mutum ya tsaya a gabana ina kallon bakinsa sannan nake gane abin da yake faɗa, in ya juya baya kuwa da bango yake yi. Masu gyaran ɗakuna sun gaji da maimaita mini magana, sai su jibge zannuwan gado a bakin ƙofa, su ɗaga hannu su ce "Sannu Gwaggo", su wuce. Ban ga laifinsu ba, amma abin yana ci mini rai.

Gida ma haka yake. Maigidana ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse kowa da garinsa. Auta ce kaɗai ke kira a kai a kai, ita ma rabin maganarta ba ta iso ni, sai dai in yi ta cewa "to, to, madalla" kamar na ji. Wata rana ashe rasuwa take gaya mini nake ce mata madalla.

Jikin ɗakin wankin akwai ɗakin tanki, inda ake dafa ruwan zafin otal ɗin gaba ɗaya. Ɗaki ne mai duhu da ɗumi, bututai sun bi ta rufinsa, can sama kuma akwai wata taga mai faɗin farantin shayi wadda gilashinta ya fashe tun kafin a ɗauke ni aiki. Ta waje tagar daidai ƙafar mai wucewa take, tana kallon lungun baya inda ake ajiye shara. Ta nan suke shiga da fita.

Ƙanana ne, ba irin manyan nan masu cin 'ya'yan itace ba, duk jikinsu bai fi babban yatsana ba. In sun rataya sai su naɗe fikafikai a jiki ruf kamar mai jin sanyi ya ja bargo. Ba sa cusa kai a rami, a sarari suke lilo da ƙafa, kuma in ka shigo ba sa tashi, sai dai su dinga juyawa a hankali suna bin ka da fuska, kunne ɗaya gaba ɗaya baya. Fuskar kuwa sai addu'a. Wata fata ce a kan hancin mai siffar ƙarfen da ake buga wa doki a kofato, da wani ɗan tsini a samanta. Ranar da na fara ganin ɗaya kusa da kusa sai da na ce mata, "Ke kuwa wa ya zauna miki a fuska?"

Wata malamar jami'a ce ta sanar da ni sauran. Takan zo duk shekara lokacin haihuwarsu, da 'yar tocila mai jan haske da wani ƙaramin akwati. Ita ta ce mini duk waɗanda ke ɗakin mata ne, ɗumin tankin suke bi su haihu, mazan suna can wani wuri kowa na ta kansa.

Na ce, "Ashe har a jemagu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kowace uwa ɗa ɗaya take haifa a shekara, wata shekarar ma ba ta haihuwa, kuma 'ya'ya mata ɗakin da aka haife su suke dawowa su haihu, don haka a bututu ɗaya akwai kaka da uwa da jika. Ta hanci suke kuka, fatar nan ce ke tattara kukan ta tura shi gaba, in ya bugi abu ya dawo sai su san inda bango yake da inda ƙwaro yake. Kukan ya fi ƙarfin kunnen mutum. Ta nuna mini ƙafafunsu, sirara, ta ce, "Waɗannan ba sa tafiya, Gwaggo, ba sa rarrafe. Ƙafar ta rataya ce kawai. A tashe suke shiga ɗaki, a tashe suke fita." Sannan ta manna mini akwatin a kunnena mai dama-dama ta ƙure ƙara, sai na ji wani abu na ɓulɓulowa kamar ana busa sarewa a cikin ruwa. Ɗakin da na ɗauka shiru ne ashe cike yake da surutu. Su ma ke nan suna ta magana ba mai jin su. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Tun daga lokacin a bakin ƙofarsu nake cin abincin rana, a kan kifaffen bokiti, ina ba su labari. Labarin ciwon gwiwata, labarin baƙon da ya goge takalmi da farin tawul, Allah ya shirye shi. Da safe in share kashinsu da fikafikan ƙwarin da suka zubar in kai wa mai lambun otal, yana so ƙwarai. Da yamma ba na tafiya sai na ga fitarsu, to wa ke jirana a gida? Za su fara kewaya ɗakin, ɗaya ta leƙa taga ta dawo, ta sake leƙawa ta dawo, sai hasken waje ya dushe sannan su sulale ɗaya bayan ɗaya suna bin jikin katanga. In 'ya'yan sun ɗan yi nauyi sai iyayen su bar su a rataye, a cure wuri guda, su tafi kiwo su dawo su shayar. Nakan ce musu su tafi abinsu, ni ce mai raino.

Manajanmu na yanzu sa'an Auta ne, yana da kirki, sai dai tsoron masu duba tsafta kamar ya kashe shi. Wata rana ya sauko ya same ni ina guga, ya tsaya a gabana yana buɗe baki sosai don in gani.

"Gwaggo, tagar nan dole a gyara ta. Ɓera na shiga, kyanwa na shiga."

"Ranka ya daɗe, sun haihu. Wasu 'ya'yan ko gashi bai gama fito musu ba."

"Ba korarsu zan yi ba. Na yi wa Malama alkawari. Rufewa kawai za a yi, a bar musu hanya."

"To a bari sai ina tsaye a kai."

Ya ce to. Na yarda da shi, kuma har yau na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

A makon ne Auta ta matsa sai na je garinsu likitan kunne ya duba ni. Na ce ba inda za ni, ta yi fushi, ta turo mijinta da mota har ƙofar gida. Suruki ya zo ya tsaya yana gaishe ni, ina zan sa fuskata? Na shiga. Likita ya leƙa wannan kunne ya leƙa wancan, ya ce abin da ya tafi ya riga ya tafi, abin da na sani tun ban hau mota ba. Auta ta nuna mini ɗakin da ta gyara mini har da sabon labule, ta ce in ajiye aikin nan haka in dawo wurinta. Gidan cike yake da mutane, jikoki na guje-guje, ana hira ana shewa, ni kuma ina zaune a tsakiya ina murmushi duk sanda na ga an yi murmushi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na falon nan ba. Na ce mata zan yi tunani, na kwana biyu, na ce aiki na jirana.

Da safe na dawo, ko gida ban biya ba. Ta lungun baya na bi kamar kullum, sai na ga taga ta zama katako. Sabon katako ne, an goge shi sumul an shafa masa fenti, an yi masa 'yar tsaga a sama wadda yatsa zai shiga, har da ɗan rufi don kada ruwan sama ya bi ta ciki. Aiki mai kyau. Tun daga nesa na gane hannun, don mutum ɗaya ne a garin nan zai tsaya goge katakon da bola kaɗai za ta kalla. Ƙanin maigidana ne, kafinta, ni ce ma na samo masa aikin gyare-gyaren otal ɗin.

Gwiwar da nake lallaɓawa mantawa na yi da ita a matakala. Na kunna tocila na rufe bakinta da tafin hannu. Bututun da iyaye ke jeruwa fayau yake, babu babba ko ɗaya. 'Ya'yan ne kaɗai a cure a kusurwar da ta fi ɗumi, wasu na motsi, wasu ba sa yi. A ƙasa kuma akwai waɗanda suka saki. Na durƙusa na taɓa ɗaya, ta bushe, fatar fiffikenta ta manne da jikinta. Mafi ƙanƙanta ne suka faɗo, waɗanda aka haifa a baya-bayan nan.

A bayan kicin na samu Kafinta yana ɗaure ƙafar kujera. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Matar Yaya, an dawo? Ina tsarabata? Ko likitan ya ce kunnen ƙalau yake, ni ne kawai ba kya son ji?"

Wasan da muka saba ne tun ina amarya yana ɗan makaranta. Ranar ban rama ba.

"Yaushe ka rufe tagar?"

"Ranar da kika tafi. Masu duba tsafta suka matso da zuwansu, Manaja ya rikice. Kin ga aikin kuwa?" Ya ajiye guduma ya goge hannu a wando. "Kuma saboda ke ban buga ƙusa ko ɗaya da rana ba. Na ce Matar Yaya za ta cinye ni ɗanye in na firgita mata baƙi. A lungun nan na zauna sauro na cina har magariba, sai da na ga fitarsu kaf, na ƙara jira ko da saura, sannan na buga."

"Tsagar fa?"

"Haba, tun yaushe nake hawa rufin mutane? Jemage ko inda yatsa ba ya shiga sai ya matse ya shige. Wannan ai ƙofar gareji na bar musu."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Jemagun rufin kwano haka suke, su sauka a bango su rarrafa su cusa kai. Nawa ba su iya ba. Ya jira iyaye suka fita, ya rufe su a waje, 'ya'ya a ciki, duk don kada ya ɓata mini rai. Da mugu ne ya yi mini wannan da na san abin da zan gaya masa, ina da kalmomin a ajiye. To me zan ce da mutumin da ya zauna sauro na cizonsa saboda ni? Na kama hannun rigarsa na ja shi har ƙasa.

Yana shiga ɗakin tankin ya tsaya cak, ya karkata kai. Na haska masa fuska.

"Mene ne?"

"Kuka suke yi."

Malama ta taɓa ce mini kukan 'ya'yan bai kai na iyayen sama ba, mai lafiyayyen kunne yakan ɗan tsinci gefensa. Ni dai ko alama ban ji ba.

"Yaya kukan yake?"

"Siriri ne, can ƙasa-ƙasa. Jiya ma na ji shi da na zo ɗaukar zarto. Na ɗauka bututu ne."

Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ga waɗanda suka faɗo. Ya cire hula ya rasa inda zai sa ta. Shi da kansa ya fita, jim kaɗan na ga katakon yana motsi, sai haske ya faɗo ɗakin. Aikin da ya goge ya shafa wa fenti, gida biyu ya tsaga shi wajen ɓamɓarewa.

Manaja ya sauko jikinsa a sanyaye. Masu duba tsaftar ma ashe sun zo sun tafi, ko ɗakin ba su leƙa ba. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ya bar shi, haƙurin ba nawa ba ne. Ya kira Malama a waya, tana can wata ƙasa wajen taro. Kafinta ne ya riƙe wayar, ta faɗa, shi kuma ya juyo ya maimaita mini da baki. Ta ce kada a taɓa waɗanda ke rataye. Kada a ba su madarar gwangwani, kashe su za ta yi. A rataya jiƙaƙƙun tawul a ɗakin don iska ta yi danshi, a kashe fitilar lungu, kowa ya yi nesa da tagar. Duk wadda aka samu a ƙasa da rai a mayar da ita kusa da sauran. Iyayen ba su yi nisa ba, suna nan a wani kango ko ƙarƙashin gada, a jira almuru.

Na ce, "Tambaye ta, in sun dawo za su zauna?"

Ya tambaya. Ya daɗe yana saurare bai juyo ba, sai da na zungure shi.

"Ta ce in sun dawo za su nemi 'ya'yansu. Zama kuma ta ce ba ta sani ba. Irinsu in aka tsorata su a wurin haihuwa sukan canza ɗaki."

Muka tsince na ƙasan a cikin tsohon tawul. Kafinta ya nufi lungu da su, na ce ba bola ba, ya kai wa mai lambu ya tona musu rami. Ina duba bayan tanki sai na ga wata a maƙale tsakanin bango da bututu, na sa hannu na ɗauko ta don in haɗa da sauran, sai ta kama mini yatsa. Da ƙafa ta kama da baki, da ƙarfin da ban zata ba. Iyayen suna da wasu nonuwa biyu na ƙarya a ƙasan ciki, babu ruwa a cikinsu, na riƙo ne kawai, nan ɗan yake kamawa in uwar za ta tashi da shi. Abin da take nema ke nan a yatsana. Idonta bai gama buɗewa ba, hancin nan nata ya fi ƙarfin fuskarta, kunnuwan a langaɓe. Na rufe ta a tafin hannu sai na ji wani ɗan kaɗawa a fatata, yana zuwa yana tsayawa. Kuka take yi. Ban ji shi da kunne ba, a hannu na ji shi.

Malama ta ce a mayar, na sani. Na naɗe ta a guntun ƙyalle na sa a aljihun rigar aikina, na ce sai ta ɗan ji ɗumi tukuna. Da rana ta yi na ce sai ta ƙara ƙarfi. Haka na yi aikin ranar, don zannuwan gado ba ruwansu da abin da ya same ka, na wanke, na busar, na goge, ina yi ina taɓa aljihu. Kafinta bai koma kan kujerarsa ba, ya zauna a matakala yana jiƙa tawul yana kaiwa. Ya ga hannuna yana zuwa aljihu, ya gane.

"Matar Yaya, wannan da ta faɗo, anya uwarta za ta karɓe ta?"

"Oho."

"Ko ki riƙe ta? A nemo abin da ake ba su."

Abin da nake ta gaya wa kaina ke nan tun safe. Na ce wataƙila uwarta ta mutu a waje. Na ce wataƙila ta ji warin sabulu a jikinta ta ƙi ta. Na riga na gama shirya inda zan rataya ta a ɗakina, a jikin ƙusar da ke bayan ƙofa. In sauran za su tafi su bar ni, to ai ba laifi in ɗaya ta rage. Son kai ne, na san son kai ne tun a lokacin, amma ban fitar da ita ba.

Da rana ta yi sanyi na kashe injuna. Manaja ya kashe fitilar lungu ya hana kowa bi ta nan. Na zauna a kusurwar ɗakin tanki, na ɗaure bakin tocila da jan ƙyalle, Kafinta ya tsuguna kusa da ni inda hasken zai ɗan taɓa bakinsa. Tagar ta tashi daga fari ta koma toka-toka. Babu abin da ya zo. Gwiwata ta sage, ban motsa ba. Sai ya taɓa mini kafaɗa.

"Kukan ya ƙaru."

Wata inuwa ta gifta ta bakin tagar ta koma. Ta sake zuwa ta koma. Dare biyu suna zuwa suna tarar da katako, dole ta yi shakka. A zuwa na gaba ta shigo, ta kewaya ɗakin, ta juya a iska ta kama bututu da ƙafa kusa da curin 'ya'yan. Duk suka miƙo kai. Ta bi su tana shinshinawa, ta wuce wannan ta wuce wancan, ta tsaya a kan ɗaya ta ja shi jikinta ta rufe shi da fiffike. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, na ce ta zauna. Ta shayar da shi na ɗan lokaci. Sai na ga ɗan ya juya ya kama ƙasan cikinta, ta saki bututun, nauyi ya ja ta ƙasa har ta kusa taɓa tanki, ta daidaita ta fice ta taga da shi.

Nan na gane ba zama suka zo yi ba. Sauran suka shigo, ɗakin ya cika da fikafikai, kowace ta nemi nata, ta shayar, ta ɗauka, ta fita. Ba wadda ta ɗauki na wata. Akwai waɗanda suka bi curin daga farko har ƙarshe ba su samu ba, suka sauko suna kewaya ƙasa daidai inda muka tsince, suka fita, suka sake dawowa. Kafinta ya sunkuyar da kai ya ƙi kallo. Ni na kalla, ai wani ya kamata ya kalla.

Curin ya yi ta raguwa. Ina zaune hannuna a kan aljihu sai na ji iska a fuskata. Na ɗauka wucewa aka yi, sai ta sake zuwa, ta taɓa mini kumatu, ta taɓa kunne. Ɗaya ce ta bar bututu ta bar taga, ni take kewayawa. Jemagun da in ka matsa kusa sai su ja jiki, ga ta a gaban hancina tana kaɗa fiffike a tsaye a iska, fuskarta na kallon ƙirjina. A ƙarƙashin tafin hannuna kaɗawar nan ta ƙi tsayawa.

Kafinta ya matso da bakinsa cikin haske.

"Matar Yaya."

"Na gani."

"Tun ɗazu take."

"Na ce na gani, ba makauniya ba ce ni."

Na miƙe. Ya riƙe mini tsani, na hau da wannan gwiwar tawa, ya so ya karɓa ya hau na harare shi. Na warware ƙyallen, ta ƙi sakin yatsana, sai da na ɓamɓare ƙafafun ɗaya bayan ɗaya na ɗora su a kan tsumman da aka naɗe bututun da shi. Ta kama, ta yi lilo. Ban gama sauka ba uwar ta iso. Ta shinshina ta, ta lashe ta tun daga kai har fiffike, warin sabulun bai dame ta ba ko kaɗan. Ta rufe ta ta daɗe tana shayar da ita, ta fi duk sauran daɗewa, har na fara sa rai. Sannan ta saki bututun ta bi ta taga.

Muka zauna. Waɗanda ba su samu nasu ba suka ɗan ƙara kewayawa, su ma suka daina zuwa. Na haska kusurwar, 'yan kaɗan ne suka rage a rataye, waɗanda tun safe ba su motsa ba.

Na ce, "Kana jin wani abu?"

Ya karkata kai ya saurara.

"Babu. Sai tanki."

"Sake saurarawa."

Ya sake, ya tashi ya je har ƙarƙashin bututun, ya tsaya ya daɗe don kada in ce bai yi da gaske ba. Ya dawo ya girgiza kai. Ya ce gobe zai yi wa tagar firam mai faɗi, ya sa kwano mai santsi a ƙasanta yadda kyanwa ba za ta iya hawa ba, ko Allah zai sa su dawo. Na ce ya yi. Ya kuwa yi, ta yi kyau, har yau babu wadda ta bi ta cikinta.

Na ji daɗi sun rayu, wallahi na ji. Amma ba a taɓa tafiya a bar ni irin na yammacin nan ba, ko ranar da Auta ta bar gida ban ji haka ba. Kafinta ya ce zai raka ni, na ce ya tafi, iyalinsa na jira. Ya tsaya yana murza hula, ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, ya fasa, ya hau matakala. Na koma na zauna na kashe tocila. Na sa hannu a aljihu na tarar da ƙyallen, da sauran ɗuminta a jiki, na riƙe shi har ya huce.